Kwas na bidiyo ko wokshop na zuwa hol: wanne ma'aikacin lafiya zai zuba wa kuɗi da lokaci?

Duk wanda ke aikin lafiya da lasisi, likita ne ko nas ko ungozoma ko mai harhaɗa magani ko ɗan lab, ya san irin lissafin da ake shiga idan lokacin sabunta lasisi ya matso kuma makin CPD, wato makin ƙarin ilimin da ake buƙata kafin a sabunta lasisin, bai cika ba. Ga kwas na bidiyo da aka riga aka ɗauka aka ɗora a intanet, ka biya ko ma kyauta ne, ka kalla lokacin da ka ga dama, ka amsa 'yan tambayoyi satifiket ya fito. Ga kuma wokshop na kwana biyu ko uku wanda sai ka nemi izini wurin oga, ka lallaɓa wani ya riƙe maka duti, ka yi tafiya ka je ka zauna a hol. Ana ta tambayar wanne ya fi, ni kuma a ganina amsar tana wurin abin da kai ka rasa. Idan a kai yake, wato wani sani ne ya wuce ka, bidiyo ya ishe ka har da ragi. Idan kuma a hannu yake, ko a yadda kuke haɗa aiki da abokan duti lokacin da abu ya rikice, toh ko bidiyo ɗari ka kalla ba zai tsinana maka abin kirki ba, sai an tsaya a kanka ana kallon hannunka ana gyara maka.

Amma kafin a je nan, fara duba dokar hukumar da ke ba ka lasisi, don wannan shi ne abin da ke yi wa mutane asarar kuɗi a banza. Ba kowace hukuma ce ke ɗaukar awar bidiyo daidai da awar aji ba. Misali a Ingila, hukumar nas-nas da ungozomomi ta NMC tana neman awa 35 na ƙarin ilimi cikin shekara uku, kuma aƙalla 20 daga ciki dole su zama irin wanda ka yi mu'amala da wasu ma'aikata, ba kai kaɗai da allon waya ba. A Amurka kuma tsarin makin likitoci ya raba darasin da ake yi kai tsaye da wanda aka ajiye ana kallo daga baya, kowanne da sharuɗɗansa. Wasu hukumomin suna da jerin masu bayar da kwas da suka amince da su, in kwas ɗinka ba ya ciki, satifiket ɗin sai dai ka rataye a bango. Saboda haka tambayi biyu tun farko: hukumata ta yarda da wannan mai kwas ɗin? kuma awa nawa na bidiyo take karɓa? In ka samu amsa shikenan, mu shiga maganar wanne ne ke koyarwa da gaske.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne a fannin sani zalla, an daɗe ana gwada su kuma kusan kunnen doki suke yi. A 2008 David Cook na asibitin Mayo Clinic da ke Amurka da abokan aikinsa sun tattara bincike 201 a kan koyar da ma'aikatan lafiya ta intanet suka buga a JAMA, mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, abin da ya fito shi ne in ka kwatanta da rashin yin komai, ta intanet tana da amfani sosai, in kuma ka kwatanta da koyarwar aji ta gargajiya bambancin kaɗan ne, wani lokaci nan wani lokaci can. Bayan shekara goma, a 2018, ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya tana tacewa, ta duba gwaje-gwaje 16 da suka haɗa ma'aikata masu lasisi 5,679, ita ma ta ce bambancin da ke tsakani ƙarami ne ko ma babu, ko a halin ma'aikacin ko a sakamakon marasa lafiya. Wato wanda yake maka kallon raini wai kai ɗan kwas ɗin onlayin ne, shi kuma ya je ya zauna a hol, in dai lacca kawai aka yi musu bai fi ka da komai ba sai gajiyar hanya.

Nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin kalmar wokshop tana rufe abubuwa da yawa. Akwai taron da za ka je, a kunna furojekta, farfesa ya tsaya ya yi ta karanta silayid sittin ɗaya bayan ɗaya, rabin hol na danna waya, a ƙarshe a ce akwai mai tambaya, mutum biyu su tashi, ɗaya ma ba tambaya zai yi ba lacca ta biyu zai gabatar, a tafa, a sa hannu a takardar halarta, a raba satifiket. Wannan kam bidiyo ne da ba za ka iya tsayarwa ko ka tariyo baya ba, kuma ka biya kuɗin mota da masauki a kansa. Tun 1999 Dave Davis na Jami'ar Toronto ya nuna a JAMA cewa lacca zalla ba ta cika canza yadda likitoci ke aiki ba, wadda ake yin mu'amala a ciki, a tattauna kes, a gwada da hannu, ita ce ke motsa wani abu. Binciken Cochrane na 2009 a kan tarukan ƙarin ilimi, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 81, ya samu cewa a tsaka-tsaki bin ƙa'idar aiki yana ƙaruwa da kusan kashi 6 cikin 100 bayan irin waɗannan taruka, kuma waɗanda suka haɗa lacca da mu'amala sun fi tasiri. Kashi 6 ba ƙaramin abu ba ne idan ka tuna yawan marasa lafiyar da ke wucewa ta hannun ma'aikaci ɗaya, amma kuma ba shi ne juyin juya halin da masu tallan taro ke rubutawa a fosta ba.

Toh me bidiyo ya fi iyawa? Na farko dai lokaci. Mai dutin dare, mai goyo, wanda shi kaɗai ne ma'aikaci a ƙaramar cibiya da in ya tafi sai an rufe ƙofa, duk waɗannan ba su da kwana uku da za su bayar. Na biyu tariya. Abu kamar karanta ECG, wato zanen gwajin bugun zuciya, ko lissafin maganin yara bisa nauyi, ko yadda wani magani ke karo da wani a jiki, in malami ya faɗa sau ɗaya a hol ya wuce ya wuce kenan, kuma da yawa kunya ba za ta bar su su ce malam a maimaita ba, musamman in ƙanana suna zaune kusa da manyansu. A bidiyo kuwa ka tsayar, ka ɗauko takarda, ka zana, ka mayar baya sau biyar ba wanda ya gan ka. Na uku saurin isa. Lokacin korona, da sakamakon gwajin RECOVERY ya fito a watan Yuni 2020 yana nuna maganin dexamethasone na rage mutuwa ga masu buƙatar iskar oksijin, ba wanda zai jira a shirya taro a hol, ta intanet labarin da yadda ake bayarwa suka zagaye duniya. Dandalin OpenWHO da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta buɗe a 2017 ya koyar da miliyoyin mutane kyauta a wancan lokacin, cikin harsuna da dama. Na huɗu, malamin da za ka samu a bidiyo sau da yawa shi ne wanda ya ƙware a abin a duk duniya, wanda ba don intanet ba har ka yi ritaya ba za ka taɓa jin muryarsa ba.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan yadda ake kallon bidiyon nan. Ƙarfe biyun dare ne, wod ya ɗan lafa, ka jingina waya a kan tiren magani, ka sa abin kunne ɗaya, ka ƙara gudun bidiyon ninki biyu har muryar malamin ta koma siririya, minti huɗu sai ga ƙararrawar gado na bakwai, ruwan da aka ɗaura ya ƙare, ka je ka canza ka dawo bidiyon ya yi gaba shi kaɗai don ba ka tsayar ba, kuma ba ka mayar ba don kana so layin nan na ƙasa ya cika. Tambayoyin ƙarshe guda goma, ka faɗi biyu, shafin ya ce sake gwadawa, ka canza amsa, kore ya fito, satifiket ya sauka. An rubuta maka awa ɗaya. Nawa ne ya zauna a ƙwaƙwalwa? Kai ma ka sani. Ba laifin bidiyo ba ne kaɗai, amma bidiyo ne ya ba ka damar yin haka, a hol aƙalla kujera ta riƙe ka.

Ba ma'aikatan lafiya kaɗai ke fama da wannan ba. Wani nazari na 2014 a kan dandalin karatu ta intanet na edX ya bi kallon bidiyo har sau miliyan 6.9, ya ga cewa komai tsawon bidiyo, hankalin mai kallo a tsaka-tsaki ba ya wuce kusan minti 6. Wani kuma da aka buga a mujallar Science a 2019 a kan kwasa-kwasan intanet na kyauta na jami'o'in Harvard da MIT ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 na waɗanda suka shiga ne ke kammalawa a shekarar ƙarshe da aka duba. Gaskiya ne da yawansu leƙe kawai suka je yi, kuma wanda lasisinsa ke kan layi zai fi su dagewa, amma darasin yana nan: kwas ɗin da aka ɗauki laccar awa biyu aka ɗora haka nan ba yanka ba gyara, ka guje shi. Nemi wanda aka yayyanka gajeru, ana tsayar da kai da tambaya a tsakiya, kuma in ka faɗi a gaya maka dalilin da ya sa amsarka ba daidai ba ce. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da cewa ƙoƙarin tuno abu da kanka ya fi sake karantawa ko sake kallo riƙe shi, kuma rarraba karatu cikin makonni ya fi danƙara shi rana ɗaya. Wannan na biyun ma wani maki ne ga bidiyo, in dai kana da tarbiyyar da za ka riƙa yin minti goma sha biyar kullum maimakon ka tara komai sai daren ƙarshe.

Wani abin da mutane ba sa dubawa shi ne ranar da aka ɗauki bidiyon. Ilimin lafiya yana tsufa, bidiyo kuma ba ya sanin ya tsufa, zai ci gaba da faɗin abin da ya faɗa da cikakken ƙarfin gwiwa. Kafin 2010 ana koyar da farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya da farawa da buɗe hanyar iska, a 2010 ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka, AHA, ta juya tsarin ta ce a fara da danna ƙirji. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani shekara da shekaru kwinin ake bayarwa, sai gwajin AQUAMAT na 2010 a kan yara sama da dubu biyar a ƙasashen Afirka tara ya nuna allurar artesunate ta fi ceton rai, WHO ta canza shawararta. Zubar jini bayan haihuwa ma haka, gwajin WOMAN na 2017 da mata sama da 20,000 ya nuna maganin tranexamic acid na rage mutuwa ta dalilin zubar jini in an bayar cikin awa uku da haihuwa, a shekarar WHO ta sabunta ƙa'idarta. Duk bidiyon da aka ɗauka kafin waɗannan shekarun yana nan yana yawo a YouTube da guruf-guruf na WhatsApp. Kwas na kirki zai rubuta maka ranar da aka fitar da shi, ranar da aka sake dubawa, da ranar da makinsa zai daina aiki. In ba ka ga waɗannan ba, ka yi hattara. Shi ma malamin hol yana iya zuwa da tsohon silayid fa, bambancin kawai a hol akwai yiwuwar wani ya ɗaga hannu ya ce ranka ya daɗe ai an canza wannan.

Yanzu ga inda bidiyo ke sarewa. Ɗauki jaririn da aka haifa bai yi kuka ba, an goge shi an shafa baya bai numfasa ba, dole a sa masa ambu, wato jakar da ake matsawa a hura masa iska, cikin mintin farko. A bidiyo abin kamar ba komai: a ɗora mas, wato robar da ke rufe hanci da baki, a matsa jakar, ƙirji ya tashi. Je ka tsaya gaban jaririn roba ka gani. Ka ɗora mas ɗin, ka matsa, ƙirji shiru. Ka ƙara ƙarfi, shiru, sai wata 'yar iska da kake ji tana huce maka a bayan yatsa. Mai koyarwa ta sa hannu ta ɗan sauko da mas ɗin ya kama haɓa, ta ce ka danne shi da babban yatsa da manuni, sauran yatsun su ɗago muƙamuƙi, kan kuma ka tanƙwasa shi baya da yawa har ka toshe hanyar da kake son buɗewa, mayar da shi kaɗan. Ka sake matsawa, ƙirjin ya ɗaga. Duk gyaran bai kai minti ɗaya ba, kuma bambancin bai wuce faɗin yatsa ba, amma ba bidiyon da zai gan shi saboda bidiyo ba ya ganin hannunka. Haka danna ƙirjin babba: kowa ya haddace sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, dannawa 30 hura iska 2. Sai ka durƙusa kan mutum-mutumin da ke da na'urar auna zurfi za ka ga kana yin santimita uku kana ganin kamar za ka karya haƙarƙari, kuma bayan minti ɗaya da rabi hannu ya fara mutuwa ba ka ma lura ba. Saka kanula ga yaron da jijiyarsa ta ɓuya, ɗinki, saka bututun numfashi, riƙe na'urar sikanin, saka robar tazarar haihuwa, duk layi ɗaya ne.

Za ka ce ai ni na san inda nake da rauni, zan zaɓa da kaina. Nan ma akwai matsala. A 2006 Davis ɗin nan dai da abokansa sun duba yadda likitoci ke auna kansu idan aka kwatanta da yadda wani daga waje ya auna su, cikin kwatance 20, guda 13 sun nuna alaƙar kaɗan ce ko babu ko ma a juye take, kuma waɗanda suka fi kuskuren auna kai su ne masu ƙarancin ƙwarewa da masu yawan yarda da kai. Wannan shi ne babban haɗarin kwas ɗin da kai ke zaɓar wa kanka: mutum yana son kallon abin da ya riga ya iya don yana da daɗi, abin da bai iya ba kuma bai ma san bai iya ba balle ya nema. A aji na hannu ba ka da wurin ɓuya, za a ce malam bismillah zo ka gwada.

Amma kar masu wokshop su yi saurin murna. Akwai wani labari daga asibitin Haydom da ke karkarar Tanzaniya da ya kamata duk mai shirya horo ya sani. An yi wa ma'aikata kwas na kwana ɗaya na shirin Helping Babies Breathe, wanda ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da abokan hulɗarta suka ƙaddamar a 2010. Da aka sake gwada su a kan jaririn roba bayan watanni, sun fi da iyawa, amma da aka duba abin da suke yi a ɗakin haihuwa na gaske, ba a ga ci gaba ba. Sai aka canza salo, aka ajiye jaririn robar a ɗakin haihuwa, ana ɗan gwaji na mintoci kaɗan akai-akai a wurin aiki, sannan ne mutuwar jarirai cikin awa 24 na farko ta sauko daga 11.1 zuwa 7.2 cikin kowane 1,000. Horo iri ɗaya, mutane iri ɗaya, abin da ya canza shi ne maimaitawa da kuma wurin da ake yi. Ita ma AHA ta yarda cewa ƙwarewar CPR, wato farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, tana fara zubewa cikin wata 3 zuwa 12 bayan horo, alhali katin shaidar shekara biyu yake yi. Wato wokshop ɗin da ka je sau ɗaya ka dawo da hoto da satifiket, in ba abin da ya biyo baya, hannunka zai manta kamar yadda kanka ke manta bidiyo.

Sai maganar aiki tare, wadda a ganina ita ce hujja mafi ƙarfi ta haɗuwa ido da ido, kuma ita ce aka fi mantawa. Idan kan jariri ya fito kafaɗa ta maƙale, ba ilimin mutum ɗaya ke aiki ba. Wa zai kira taimako, wa zai ɗaga ƙafafun uwar, wa zai danna saman mara, wa ke duba agogo yana faɗin minti da ƙarfi, wa zai iya ce wa babban likita daina jan kan nan. A asibitin Southmead da ke Biristol a Ingila sun fara irin wannan atisaye tun 2000, ungozomomi da likitoci tare a ɗaki ɗaya, shi ne ya zama shirin PROMPT, kuma raunin da jarirai ke samu bayan maƙalewar kafaɗa ya sauko daga kashi 9.3 zuwa 2.3 cikin 100. Ka lura ba su tura mutum ɗaya wani gari ya je ya koyo ya dawo ya ba da labari ba, duk ma'aikatan sashen ne a cikin asibitinsu da kayan aikinsu. A irin wannan atisayen ne ake gano cewa makullin kabad ɗin maganin gaggawa yana aljihun wanda ya tashi duti, ko ambu ɗin yara ba mas ɗin da ya dace. Ba kwas ɗin intanet da zai gano maka wannan, kuma taron otel ma ba zai gano ba.

Akwai kuma amfanin da ba a rubutawa a jadawalin taro, wato mutanen da za ka haɗu da su. Lokacin hutu ka tsaya da wani da ke aiki a wuri irin naka, ka ce ni fa ƙa'idar nan ba ta yiwuwa a wurinmu don ba mu da kaza, ya ce mu ga yadda muka yi. Ka karɓi lambar ƙwararren da wata rana za ka kira kan wani kes mai wuya. Ga wanda ke aiki shi kaɗai a wuri mai nisa wannan kaɗai yana iya biyan kuɗin tafiyar. Ga wanda ke babban asibitin koyarwa kuwa, yana da waɗannan mutanen a koridonsa kullum, ba sai ya biya ba.

Tsakanin bidiyo da wokshop akwai na uku da bai kamata a haɗa shi da bidiyon da aka ajiye ba, shi ne darasi kai tsaye ta Zoom ko makamancinsa. In lacca ce kawai kowa ya kashe kyamara da makirfo, toh ya kwaso aibin ɓangarorin biyu, ba ka zaɓi lokaci ba kuma ba wanda ke ganinka. Amma in an tsara shi a kan tattauna kes, yana aiki. Misalin da aka fi sani shi ne Project ECHO da Dakta Sanjeev Arora ya fara a 2003 a Jami'ar New Mexico saboda masu ciwon hanta nau'in C da ba sa iya zuwa wurinsa: ma'aikatan ƙananan cibiyoyi suna hawa layi kowane mako, kowa ya kawo kes ɗin da ke hannunsa, ƙwararru su ba da shawara kowa na ji. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna warkewar marasa lafiya a ƙananan cibiyoyin ta yi daidai da ta asibitin jami'ar. Kuma irin wannan ne hukumomi kamar NMC ke iya lissafawa a cikin awannin mu'amala duk da ba ka bar ɗakinka ba.

Maganar kuɗi ba sai na ja ta ba. Na bidiyo kuɗin rajista ne da data, wani lokaci da ƙarin kuɗin satifiket da ba a gaya maka ba sai ka gama. Na hol kuwa ka haɗa rajista, mota, masauki, kwanakin da ka rasa, da bashin dutin da za ka biya wanda ya riƙe maka. In kamfanin magani ne ya ɗauki nauyi, ko a hol ko a bidiyo, ka saurara amma ka san wa ya biya, kuma malamin kirki zai faɗi alaƙarsa da kamfanin tun silayid na farko.

To in ni ce zan ba wa ƙanina ko ƙanwata a aiki shawara, ga yadda zan raba. Sabuwar ƙa'ida, ilimin magunguna, dokokin aiki, kare sirrin mara lafiya, tsarin hana yaɗuwar cuta a takarda, karanta hoto ko sakamakon lab, duk a yi su ta bidiyo, a hankali, da biro a hannu. Kwanakin izinin da aka samu da ɗan kuɗin da aka tara kuma a adana su don abin hannu da abin gaggawa. Wanda ya fara aiki kwanan nan, ko ya dawo bayan dogon hutu, ko aka canza masa sashe, ya fi kowa buƙatar a tsaya a kansa. Wanda ya shekara ashirin yana abu ɗaya yana iya cike yawancin makinsa ta intanet, amma shi ma ya daure ya je a gwada hannunsa lokaci-lokaci, don shi ne wanda ƙanana ke jin nauyin gyara wa. In an samu kwas mai haɗa biyun, irin tsarin HeartCode na AHA da ake yin karatun a intanet sannan a je a gwada hannu, shi ya fi, domin ba a ɓata lokacin haɗuwa wurin karanta silayid.

Kafin ka tura kuɗin wokshop kuma, kira masu shiryawa ka tambaye su awa nawa ne na lacca awa nawa na hannu, mutum nawa ne a kan mutum-mutumi ɗaya, kuma za a gwada kowa ɗaya bayan ɗaya ko sa hannu a takarda ya wadatar. In suka ce mutum arba'in ne da jaririn roba biyu, ka san kallo za ka je yi daga bayan kafaɗar wani, gara ka zauna ka kalli bidiyon, kuɗin kuma ku haɗa da abokan aiki ku nemi shugaban sashe ya samo muku jaririn roba ɗaya da zai zauna a ɗakin haihuwa, kowane mai karɓar duti ya yi minti biyar a kansa kafin ya fara zagayen gadaje.